Kuɗin adashinmu ya maƙale a rijiyar man da ba a haƙa ba

Tambaya: Assalamu alaikum Lauya. Ina sayar da atamfa a kasuwar Kejetia ta Kumasi, gidana a Aboabo. A 2020 ƙanin maigidana ya zo mana da labarin wani kamfani da ya ce ya sami filin neman mai a teku, ta wajen Takoradi. Mu goma sha huɗu muka haɗa kuɗin adashinmu, nawa kaɗai sidi 25,000. Aka ce cikin shekara biyu za a fara haƙa, kowa ya ga riba. Har yau shiru. Yau a ce ana jiran abokin hulɗa daga waje, gobe a ce sa hannun gwamnati ya rage. Abin da ke hannuna rasit ɗaya ne da saƙonnin momo, wato tura kuɗi ta waya. Matan da na jawo sun fara yi mini wani irin kallo. Akwai hanyar karɓar kuɗina, ko in bar wa Allah?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya mayar da alheri. Kafin a kai ga kotu, ɗauko rasit ɗin nan ki sa a karanta miki shi kalma bayan kalma, domin rabin amsarki na cikinsa. Idan an rubuta cewa rance kika bayar, za a maido miki ran kaza, to bashi kike bi, kuma kotu ta san yadda ake karɓar bashi. Idan kuwa hannun jari aka rubuta, kin zama ɗaya daga cikin masu kamfanin, riba taku, asara ma taku. Babu dokar da za ta tilasta wa kamfani ya maido wa mai hannun jari kuɗinsa don kawai ba a sami mai ba.

Na san wannan ba daɗin ji. Mutanenmu da yawa labarin filin mai na Jubilee da ke tekun Gana ne ya ruɗe su: an gano man a 2007, aka fara ɗebo shi a ƙarshen 2010, sai aka ɗauka haka harkar take. Ai ba kullum ba. Rijiyar gwaji guda a teku mai zurfi tana cin miliyoyin daloli, kuma galibi a haƙa a tarar da wayam. Gangar mai da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a farkon 2016, ƙananan kamfanoni suka rasa mai ba su rance. A 2015 kotun teku ta duniya ta dakatar da sabon haƙa a yankin da Gana da Kodibuwa ke jayayya a kai, ba a yanke hukunci ba sai Satumba 2017. Kamfanin Erin Energy, wanda ke da fili a yankin Tano, ya bayyana karyewarsa a Amurka a 2018. ExxonMobil ma, duk girmansa, ya bar filinsa na Cape Three Points a 2021. Saboda haka jinkiri shi kaɗai ba ya nuna zamba. Abin da doka ke kamawa shi ne ƙarya, kuma ƙarya a wannan harkar ba ta da wuyar ganowa.

Ga dalili. Man da ke ƙarƙashin ƙasa da tekun Gana na ƙasa ne. Ba mai taɓa shi sai da yarjejeniya tsakaninsa da gwamnati da GNPC, kamfanin mai na ƙasa, kuma sashe na 268 na tsarin mulkin 1992 ya ce sai Majalisar Dokoki ta amince da ita. Hukumar kula da harkar mai, Petroleum Commission, na da rajistar waɗannan yarjejeniyoyi a intanet, kowa na iya dubawa. Ki sa yaro mai waya ya nemi sunan kamfanin. In yana nan, a duba shekarar da aka ba shi filin, domin dokar mai ta 2016, mai lamba 919, shekara bakwai ta ware wa aikin nema, ko da yake akan yi ƙari a wasu yanayi. In babu sunansa, su nuna takardar da ta haɗa su da mai filin, tare da amincewar ministan makamashi, tunda ba a sayar da kaso a irin wannan fili a bayan idonsa. In ita ma babu, to an karɓi kuɗinku a kan abin da babu shi.

Daga nan sai ofishin rajistar kamfanoni, akwai reshensa a nan Kumasi. Da kuɗi kaɗan za a binciko miki ko kamfanin na da rajista, su wa ke jagorantarsa, kuma wane iri ne. Dokar kamfanoni ta 2019, mai lamba 992, ta hana kamfani na ƙashin kai tallata hannun jarinsa ga jama'a, masu shi kuma ba sa wuce hamsin. Wanda zai tara kuɗin jama'a sai ya bi ta SEC, hukumar kula da hada-hadar hannun jari. In sun tsallake wannan, ku rubuta mata ƙorafi.

Zargina, kuma Allah ya sa ba haka ba ne: sunanki ba ya cikin littafin masu hannun jari. Abin da na saba gani shi ne a tara kuɗin mutum goma ko ashirin, a rubuta jarin da sunan wanda ya kawo labarin. Ki karɓo cikakken bayanin momo ɗinki na 2020 ki ga lambar wa kuɗin ya shiga. In ta ƙanin maigidanki ce, to a idon doka shi kike bi, domin amana ya riƙe, dole ya nuna inda ya kai ta da abin da aka ba shi a madadinta. A tambaye shi kuma ko an ba shi kamasho a kan kowane mutum da ya kawo. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Game da matan da kika jawo, in labari kawai kika ba su da zuciya ɗaya, ke ma kika zuba naki, ba ki ci ko kwabo a kansu ba, da wuya kotu ta ɗora miki asararsu. Sai dai kada kunya ta sa ki ce "zan biya ku", balle ki rubuta. Ranar da kika sa hannu a irin wannan takarda kina iya ɗaukar wa kanki bashin da ba naki ba. Gara ki tara su ku zama bakinku ɗaya, ku ɗauki lauya guda, kuɗin aikinsa ya rabu gida goma sha huɗu.

Idan bincike ya nuna ku masu hannun jari ne na gaskiya, kuna da haƙƙin a kira ku taron shekara, a ba ku bayanin kuɗin kamfani da mai binciken asusu ya duba. Wasiƙar lauya ta neman waɗannan takan sa wanda ya daina ɗaga waya ya kira da kansa. In shugabannin na cin dukiyar kamfani suna danne ƙananan masu jari, Babbar Kotu na da ikon shiga tsakani, har ta sa a sayi jarinku. Neman a rushe kamfanin kuwa ban cika ba da shawararsa ba: sai an biya ma'aikata da masu bin bashi kafin a waiwayi masu hannun jari, kamfanin da bai taɓa sayar da ganga ɗaya ba kuwa me zai rage? In ma a ƙasar waje aka yi masa rajista, kuɗin bin shari'ar zai ninka abin da kuka zuba.

In ƙarya ta tabbata, laifi ne ƙarƙashin sashe na 131 na dokar laifuka ta 1960, kuna iya zuwa wajen 'yan sandan CID ko EOCO, hukumar yaƙi da laifukan kuɗi. Amma ɗaure mutum daban, dawowar kuɗi daban. SEC ta tsayar da Menzgold, kamfanin da ya tara kuɗin jama'a da sunan cinikin zinariya, a Satumba 2018, masu kuɗi suka kwashe shekaru suna zarya. Amfanin kai ƙara da wuri shi ne a iya rufe asusu tun akwai saura a ciki.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne lokaci. Dokar ƙayyade wa'adi ta 1972 shekara shida ta ba mai ƙara a kan yarjejeniya, daga ranar da aka saɓa ta. In alkawarin 2022 ne, lissafi ya kai ki 2028, amma wani lauyan zai ce tun 2020 ya kamata a ƙirga, don haka ki ɗauki mafi kusa. Gaskiya ne inda aka ɓoye zamba akan ƙirga daga ranar da aka gano ta, sai dai ke za ki tabbatar wa kotu da hakan. "Ku ƙara haƙuri" da ake ta ce muku ba ya tsayar da wa'adin.

Tunda abin ya shafi dangin miji, na san za a ce a je gaban liman ko fadar Sarkin Zango. Ku je, sau da yawa nan ya fi kotu sauri. Amma kada a tashi da addu'a kawai. A rubuta nawa ya karɓa daga wa, da ranar da zai biya, ya sa hannu gaban shaidu. Amsa bashi a rubuce yana sabunta wa'adin shekara shidan. In aka ce ku ƙara wani abu don a kammala takardu a fara haƙa, kada ki ba da ko sidi ɗaya. Ki yi kwafin rasit, ki adana saƙonnin murya na WhatsApp a wata wayar dabam, in kuɗin lauya ya yi nauyi ku fara da ofishin Legal Aid Commission, hukumar da ke taimaka wa marasa hali a shari'a, na Kumasi cikin watan nan.