Amsa: yadda za ka gane tsohuwar sassaƙa a kan kwandalar Buffalo

Malam, ka tambaya ko kwandalar da ka saya mai ɗauke da shekarar 1916, wadda aka sassaƙa fuskar da ke kanta aka mayar da ita ta mutum mai gemu da hula, tsohon aiki ne, kuma ko ya dace ka wanke ta. Kada ka wanke. Duhun da ya kwanta cikin zanen shi ne shaidarka. In ka goge shi, ka rage mata daraja.

Shekarar kuma ba hujja ba ce. Amurka ta buga kwandalar Buffalo ta senti 5 daga 1913 zuwa 1938, amma har yau masu sassaƙa na sayen tsofaffi su yi sabon aiki a kansu.

Nemi gilashin ƙara girma ninki 10 ka leƙa cikin tsagar gemu da bakin hula. Aikin wuƙa ko ƙusar da aka wasa ba ya tafiya daidai: nan zurfi, can sama-sama, wani wurin ma hannu ya zame. Gefen tsagar ya lallashe saboda yawo a aljihu, launin cikinta ya saje da na sauran fuskar. Sabon yanka kuwa yana ƙyalli, bakinsa da kaifi. Sai dai wasu kan baƙanta shi da sinadari, to duba ko duhun ya tsaya cikin layukan kaɗai.

Auna ta ma. Asalin nauyinta giram 5 ne, sassaƙa ta ɗan rage shi. In ka ga ƙananan ramuka kamar na soso, kwaikwayo ne da aka yi da narkakken ƙarfe, ba sassaƙa ba.

Wajen ajiya, guji leda mai laushi ta PVC (wani nau'in roba), tana barin koren danƙo a jikin ƙarfen.