Bayan wata ba ya dawwama cikin duhu

Ɗan'uwa, ka tambaya ko bayan wata, wato ɓangarensa da ba ma gani daga duniya, duhu ne har abada. A'a, rana tana haska shi kusan mako 2, sannan dare ya rufe shi mako 2. Abin da ya hana mu ganinsa shi ne, juyin wata a kansa da zagayensa duniya duk kimanin kwana 27 suke ɗauka, shi ya sa kullum fuska ɗaya yake nuna mana.

Ni nan Maraɗi, daren duban watan azumi, in na hango siririn jinjirin, nakan tuna cewa can bayan rana ce tsaka. Amma 'yan sama jannatin kumbon Apollo 8 na 1968 ne ke sa jikina sanyi: suna zagayawa bayan, rediyo ta yanke, duniya ta ɓuya musu, ba kowa, sai ramuka da baƙin sarari.