Hawa dutsen Drachenfels: da ƙafa ko da jirgi?

Malam, ka tambaya ko kangon hasumiyar da ke kan dutsen Drachenfels, a gaɓar kogin Rhine a Jamus, ya cancanci wahalar hawa, kuma ko za a iya zuwa da yara.

Ya cancanta, amma kada ka sa ran ganin fada. Abin da ya rage ragowar hasumiyar tsaro ce, gefe guda ma ya zube. Babban limamin cocin birnin Kolon ne ya soma ginin a 1138 don tsare iyakarsa ta kudu, aka rusa shi a 1634 lokacin Yaƙin Shekara 30. Masu fasa dutse ma sun yi tasu ɓarnar, domin daga nan aka ɗebi duwatsun gina babban cocin Kolon, sai a 1836 gwamnatin Furusiya, masarautar da ke mulkin yankin a lokacin, ta sayi wurin ta hana. Ladan guminka yana can sama: kogi shimfiɗe a ƙasa, jiragen dakon kaya na ja kamar tururuwa, ga Bonn kusa, in gari ya yi wasai har Kolon kana hangowa.

Tsayin dutsen mita 321 ne. Daga garin Königswinter akwai Eselsweg, wato hanyar jakai, gajeriya ce amma a tsaye take, sai gwiwa ta yi ƙara. Tunda da yara, shawarata ku hau jirgin ƙasa mai hawa dutsen, wanda ke aiki tun 1883, ku sauko da ƙafa. Hanyar masu yawon ƙafa ta Rheinsteig, mai kilomita kusan 320 daga Bonn zuwa Wiesbaden, ta nan ta bi. Ranar Lahadi da rani kuwa cunkoso ne, gara ku yi sammako.