Ganye ya kashe ƙwayar cuta a faranti, ina maganin?

Tambaya: Malam, na sha karanta cewa an gwada wani ganye a ɗakin gwaji ya kashe ƙwayoyin cuta, daga nan shiru kake ji, ba a ga maganin ba. A ina ake maƙalewa? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Malama, zo mu je teburina ki gani. Ganye in ya zo, a inuwa nake shanya shi, in niƙa, in jiƙa garin cikin itanol, wani ruwan sinadari mai tsotso abin da ke cikin ganye, kwana uku, in tace, in ƙafar da ruwan. Abin da ke saura a gindin kwalba wani baƙin danƙo ne, sinadarai ne fal a cikinsa sun cakuɗe. Sai in zuba shi a dogon bututun gilashi cike da garin silika, wannan sinadari ya riga wancan saukowa, ina tarewa kwalba-kwalba. Daga kowace kwalba in ɗiga a 'yar takarda, in ɗora a farantin da na shuka bakteriya, ya kwana a ɗumin digiri 37. Da safe in na ga fili ya kewaye takardar, wato wurin da bakteriya suka kasa tsirowa, in sa rula in auna.

Wannan filin ne ake yayatawa. To ai ruwan bilic ma zai share farantin tas, wa zai sha? Faranti ba shi da hanta da za ta farfasa sinadarin, ba shi da ƙodar da zai lahanta. Saura gwaji a jikin ɓeraye, sannan mutane, kuma yawancin sinadarai a nan suke faɗuwa. Wani ma tun wajen rarrabewa ƙarfinsa ke ɓacewa. Wannan ya sha sa ni tagumi.

Hanyar tatsar ma kanta tana kashe aiki. Tu Youyou ta ƙasar Sin ta gano zafi ne ke lalata sinadarin wani nau'in tazargade, sai ta koma tatsa da wani ruwan sinadari mai suna ether a ƙaramin zafi a 1971. Daga nan aka samu atemisinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, ta karɓi kyautar Nobel a 2015. Taxol kuwa, maganin ciwon daji, a 1962 aka ɗebo ɓawon bishiyarsa a Amurka, sai 1992 hukuma ta yarda a ba majiyyata.