Asibiti na fama da cunkoso, me ya kai ma'aikatansa yawo gida-gida?

Tambaya: Salamu alaikum likita. Dan Allah ina da tambaya, ina ganin wasu asibitoci suna tura ma'aikata cikin unguwanni suna ƙwanƙwasa ƙofa suna tambayar lafiyar yara da masu ciki, alhali a cikin asibitin ma gado bai isa ba. Wannan ba ɓarnar kuɗi bane? An ce wai yana taimakawa lokacin annoba ko ambaliya, ni dai ban ga ta yaya ba.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, tambayarka tana kan hanya, ni ma na daɗe a wannan ɓangare kuma ko abokan aikina sun sha yi min irin ta.

Fara da gadon da kake magana a kai. Da yawa daga cikin waɗanda ke kwance a kai, da an same su sati biyu kafin nan ba za su kwanta ba. Yaron da gudawa ta tsotse shi har sai an saka masa ruwa ta jijiya, da uwarsa ta iya haɗa ruwan gishiri da suga tun ranar farko (lita 1 ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri) da ƙila a gida zai warke. Haka tamowa, akwai wani ɗan zare mai launi da ake auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, in ya gaza santimita 11.5 to tamowar ta yi tsanani, kuma wannan awon ko minti ɗaya baya ɗauka a ƙofar gida.

Amma inda aikin yake nuna kansa sosai shine ranar da abubuwa suka rikice. Ruwa ya cinye hanya, ko rikici ya tashi, ko kuɗi ya yanke wa mutane, abu na farko da ake dainawa shine zuwa asibiti, kuma ciwo baya tsayawa jiran a samu sauƙi, mai hawan jini maganinsa ya ƙare, mai ciwon suga haka, mai tarin fuka da ya kamata ya sha magani wata 6 ba fashi ya tsaya a wata na 3 har ƙwayar cutar ta iya daina jin maganin, mai ciki ta bar awo. Waye ya san sunayensu da gidajensu? Wannan ma'aikaciyar da ka gani da littafi a hannu. Asibitin da yake da wannan rajista ya san wa zai fara nema, wanda bashi da ita sai dai ya zauna jiran a kawo masa mutum a sume. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ce a 2020 lokacin korona yara miliyan 23 ne basu samu riga-kafin da aka saba yi musu ba, kuma irin wannan giɓin ne ke buɗe wa ƙyanda ƙofa.

Sai maganar yarda, wadda ni a wajena ita ce babba. Ka tuna Ebola ta 2014 a Gini da Laberiya da Saliyo, mutum sama da 11,000 suka rasu. A farko mutane ɓoye marasa lafiya suke yi saboda baƙin fuska ne ke zuwa cikin fararen kaya su ɗauke ɗan'uwanka, wani lokaci ko gawarsa baka sake gani ba. Abin bai fara lafawa ba sai da aka jawo mutanen unguwa da shugabannin addini da 'yan sa-kai cikin aikin, aka zauna aka daidaita yadda za a binne mamaci cikin mutunci ba tare da an kamu ba. A 2014 ɗin cutar ta shiga Najeriya, mutum 20 suka kamu 8 suka rasu, aka bibiyi kusan mutum 900 da suka yi mu'amala da masu cutar, ana zuwa duba su kullum har kwana 21, kuma an jingina sosai da tsari da ma'aikatan da aka riga aka horar wajen yaƙi da shan inna. Kaga ba a ranar aka fara koyon bin gida-gida ba.

Kuma ba sabon tunani bane, tun taron kiwon lafiya na duniya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978 ƙasashe suka amince a kai kiwon lafiya kusa da inda mutane suke rayuwa. Habasha ta fara nata shirin na ma'aikatan lafiya masu bin gida-gida a 2003, Indiya ta fara nata mai suna ASHA a 2005 wanda yanzu mata kusan miliyan 1 ke ciki.

Inda zan yarda da kai, ana iya yin aikin a banza. In ma'aikaci ya gano mai ciki da hawan jini ya turo ta, ta zo ba wanda ya karɓe ta, to gobe ba za ta buɗe masa ƙofa ba. Kuma abin da yafi damuna shine yadda ake barinsu watanni ba albashi ana cewa ai sa-kai ne, alhali ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 ta ce a biya su daidai da aikinsu, a kuma riƙa sa ido kan aikinsu.

Saboda haka in sun zo gidanka, nemi su nuna maka katin shaida, ka fito da katin riga-kafin yara a duba, ka faɗa musu in akwai mai ciki ko mai shan magani kullum, sannan ka karɓi lambar da za a kira in hanya ta toshe da dare.