Wa ke biyan kuɗin tayar da kangon tsakiyar birni a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ga hotuna biyu na tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta birnin Detroit a Amurka. A na farko kango ce, tagogi duk a farfashe, a na biyu kuwa sai ƙyalli take yi. Abokina ya ce gwamnati ce ta gyara ta, ni kuma na ji an ce kamfanin Ford ne. Wa ke da gaskiya? Kuma daga ina birane irin wannan ke samo kuɗin gyaran tsakiyar gari? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kai ka fi abokinka kusa da gaskiya, amma shi ma bai yi ƙarya ba.

An buɗe tashar a 1913, jirgi na ƙarshe ya bar ta a Janairun 1988, ta yi shekara 30 ruwa da ɓarayin ƙarfe suna cin ta. Ford ya saye ta a 2018 kan dala miliyan 90, aka sake buɗe ta a watan Yunin 2024. Kafin magina su soma aiki sai da aka zuƙe galan miliyan uku da rabi na ruwa daga ƙarƙashin ginin. Dutsen da ya lalace kuwa, sai da aka koma tsohon wurin haƙarsa a jihar Indiyana, wanda ya daɗe a rufe, don sabon ya yi daidai da tsohon. Kamfanin ne ya zuba jarin, to amma birni da jiha sun yafe masa haraji mai yawa. Harajin da gwamnati ta yafe kuwa, kuɗin jama'a ne, ko da ba a ga sun fita daga baitulmali ba.

Me ya sa za a yafe wa attajiri haraji? Saboda giɓi. A ce gyaran wani tsohon bene zai ci dala miliyan 10, amma idan an gama, kuɗin hayar da zai riƙa kawowa ba su kai a kimanta shi sama da miliyan 7 ba. Banki ba zai ba da rance a kan miliyan 10 ba, a kan bakwai ɗin zai lissafa, kuma ko a cikinsu wani kaso zai bayar. Mai ginin zai sa nasa. Miliyan ukun da ke tsakani su ne ke barin gini kango shekara da shekaru, kuma duk dabarun da zan faɗa maka na cike wannan ramin ne.

Ta farko, rangwamen haraji na gwamnatin tarayya ga gine-ginen tarihi. Tun daga gyaran dokar haraji na 1986, wanda ya gyara ginin da aka tabbatar na tarihi ne yana samun ragin kashi 20 cikin ɗari na kuɗin gyaran daga harajin da ake binsa. Da sharaɗi: ginin ya zama mai kawo kuɗi, kamar otal, ofisoshi ko gidajen haya, ban da gidan da mutum yake zaune a ciki. Hukumar kula da gandayen ƙasa da wuraren tarihi ita ke duba aikin, kuma ba ta wasa. Ka cire tagogin katako na asali ka sa na roba, kana iya rasa rangwamen gaba ɗaya. Tun daga dokar 2017, a cikin shekara biyar ake karɓarsa, ba lokaci guda ba. Da yawa daga masu gine-gine ba su da harajin da ya kai su ci moriyar ragin, sai su jawo banki ko babban kamfani ya shigo a matsayin abokin tarayya, ya ba su tsabar kuɗi yanzu, ya kwashi rangwamen daga baya.

Ta biyu ita ce ta fi jawo rigima, ana kiranta TIF, wato biyan kuɗin gyara da ƙarin harajin da za a samu nan gaba, kuma a Kalifoniya aka fara ta a 1952. Bashin kaka ne tsantsa. Birni zai shata wata unguwa, ya duba harajin gidaje da filayen da take biya a yau, ya tsayar da shi nan. Sai ya ci bashi ya gyara titi, magudanar ruwa da fitilu, ko ya tallafa wa mai gini. Idan unguwar ta farfaɗo, darajar gidaje ta hau, ƙarin harajin da aka samu shi za a riƙa biyan bashin da shi. A jihar Ilinoi, inda Shikago take, wa'adin shekara 23 ne. In damina ta yi kyau, kowa ya ji daɗi. In ba ta yi ba, bashin yana nan. Kuma ka lura, galibi dabarar ba ta aiki sai inda ake kimanta kowane gida ana karɓar harajinsa duk shekara, domin shi ne babban abin jinginarwa.

Akwai ƙanana: tallafin raya unguwanni da tarayya ke ba birane tun 1974, da tsarin da 'yan kasuwar layi ɗaya ke amincewa a ƙara musu wani ɗan haraji don shara, tsaro da fitilu, wanda aka soma a Toronto ta Kanada a 1970. Shi ya sa za ka ga gini ɗaya da kuɗi daga aljihu shida ko bakwai, lauyoyi su shekara suna ƙulla takardu kafin a ɗaura bulo ɗaya.

A nawa ganin, tashar Detroit ta cancanci taimako. Birnin da ya kai kansa kotu a 2013 yana cewa ya kasa biyan bashin kusan dala biliyan 18, ba shi da wata hanyar tayar da ginin, kuma shekara 30 babu wanda ya iya. Inda nake da ja shi ne unguwar da dama tana tasowa da kanta, sai a shata ta a ce TIF ce ta tayar da ita. A nan ƙarin harajin da ya kamata ya tafi makarantu da 'yan kwana-kwana sai ya zarce wajen biyan bashin ginin wani. Wannan ƙorafin na cikin abin da ya sa Kalifoniya, wadda ta ƙirƙiro dabarar, ta yi doka a 2011 a zamanin Gwamna Jerry Brown ta rushe hukumomin sabunta biranenta kusan 400, aka rufe su a farkon 2012.