Kofi yana wanke fim, amma rabin aiki yake yi

Jiya muna rufe shago ka ce min, "Maigida, wai da gaske ana wanke fim baƙi da fari da kofi ko ganye, a huta da sinadaran nan masu tsada?" Da gaske ne, yaro. Sai dai zauna ka ji inda gizo ke saƙar.

Fuskar fim gishirin azurfa ne a kanta. Inda haske ya taɓa, maganin wanki ke mayar da shi baƙar azurfa, hoto ya fito. Abin da ke yin wannan a maganin kamfani yana da 'yan uwa a cikin kofi da ganyen shayi. Wani malami da ɗalibansa a Rochester ta Amurka ne suka gwada na kofin a 1995. Tun kafin su, Talbot na Ingila, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙago ɗaukar hoto, ya wanke hoto da asid ɗin galik, na jikin itace, a 1841. Dangin asid ɗin na nan cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita.

Ga awon da nake yi a lita ɗaya: sodar wanki giram 54, garin bitamin C giram 16, kofin gwangwani mai narkewa giram 40. Soda za ka fara narkarwa, sai bitamin, kofi a ƙarshe. Kofi mai arha ka saya. Warinsa kuwa, kada ka ce ban faɗa maka ba. Minti 15, ruwa na kan digiri 20.

Digiri 20 ɗin nan shi ne rigimar Kano. Gwajina na farko a watan Afrilu ne, na tari ruwa daga tankin saman rufi da azahar ban auna ba. Fim ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, fuskarsa ta yi laushi har farcena ya kwashe kan wani ango. Tun ranar, ruwan randa da ƙanƙara nake haɗawa, ma'aunin zafi na tsome a ciki.

Na san za ka ce ga kanwa a Kurmi, me ya kai mu neman soda? Tana yi, amma ƙarfin ta yau daban da ta gobe, ga yashi ga gishiri. Marinan Ƙofar Mata suna iya duba rijiya su gyara haɗi, kai kuwa tankin wankin fim a rufe yake, sai ka buɗe za ka ga ɓarna. Kanwa da bagaruwa, a guntun fim ɗinka za ka gwada su, ban yarda a kan hoton bikin mutane ba.

Bayan kofi dole fim ya shiga fiksa, ita ke cire gishirin azurfar da haske bai taɓa ba, kuma ganye ba ya wannan aikin. Azurfar a cikinta take taruwa, tana kashe ƙananan halittun ruwa. Ruwan kofi ka zubar abinka. Tsohuwar fiksa kuwa a jarkar nan ta bayan ƙofa, ko ɗigo kada ya shiga kwata.

Gobe ka zo da sikeli da fim ɗin da ka ɗauka a bakin Dala. Ka yayyafa ruwa a ɗaki kafin mu shanya shi, ƙura ta fara sauka.